Sigarin da Baba Ke Kunnawa a Kan Ruwa

Tun ina yarinya a Argungu, tarin Baba ne ke riga shi shigowa gida. Kafin ya yi sallama mun riga mun jiyo shi daga bakin lungu, sai Inna ta ce a shimfiɗa tabarma a kawo ruwa. A wurinmu wannan ba ciwo ba ne, alama ce kawai, kamar ƙarar babur ɗin maƙwabci. Sai da na yi aure na koma Birnin Kebbi, ina koyarwa a wata firamare a Badariya, sannan kunnena ya fara jin tarin nan a matsayin tari.

Sunan mahaifina Labbo, masunci ne ɗan masunta. A zamaninsa gwanin nutso ne, wanda in ya shiga ruwa sai na bakin gaɓa sun fara salati kafin ya fito. Amma ya daɗe rabonsa da nutso. Abokinsa Kawu Dankure ne ke shiga yanzu, shi kuma Baba yana zaune a jirgi riƙe da filafili. In an tambaye shi dalili sai ya ce girma ne. Bai taɓa cewa taba ce ba, alhali Kawu Dankure ya girme shi.

Wata ranar Litinin ya kawo mini bandar kifi. Ɗan kabu-kabu ya sauke shi a bakin titi saboda layinmu ba ya rabuwa da taɓon kwata, ya ɗauko kwandon da kansa. Daga titi zuwa ƙofar gidana tafiya ce da ɗalibaina ke yi a guje suna cin gyaɗa. Na fito na tarar da shi zaune a dakali, ya dafa gwiwoyi, bakinsa a buɗe, leɓensa ya yi duhu. Na gaishe shi, ya ɗaga mini hannu kawai. Da numfashi ya dawo masa, abin da ya fara cewa shi ne, “Malama, rana ta, ba komi ba.”

Malama yake kirana, don ni ce ta fari, bakinsa bai saba da sunana Mansura ba. Tsoro ne ya fara kama ni, sannan haushi ya biyo baya, kuma ni haushina ya fi tsorona amfani. Na ce masa ba zai koma Argungu ba sai likita ya gan shi. Ya ce kifi na jiransa. Na ce kifin ya daɗe yana jira, bai taɓa kai ƙara ba. Na ɗauke takalmansa na kai ɗaki na kulle. Haka muka kwana, shi yana fushi, ni ina fushi, maigidana yana tsakiya yana ba kowa haƙuri. Da safe na ara masa silifas ɗin maigidana muka tafi asibiti.

Likitar da muka samu a asibiti mace ce, Dakta Zuhura, ba za ta girme ni ba. Na ga Baba ya sha kunu da ya gan ta. Ita kuwa ba ta fara da ƙirjinsa ba, sai ta tambaye shi ko gaskiya ne ragon ruwa ya fi daɗi in ruwa ya ja baya. Nan take ya gyara zama. Kafin ya gama yi mata bayani ta riga ta saurari bayansa da gabansa, ta miƙa masa wani bututu ta ce ya hura iya ƙarfinsa. Ya hura. Ya kalli fuskarta, ya ce a ba shi ya sake, bai shirya ba. Ya ɗauka gasa ce. Ta bar shi ya sake, na biyun bai fi na farko ba.

“Baba,” ta ce, “abin da hayaƙi ya ɓata a huhunka ba duka zai dawo ba. Amma wanda ya rage yana da yawa, shi nake so mu tsare. In ka ci gaba da sha, nan da ’yan shekaru zuwa masallacin unguwa ma sai ka huta a hanya.”

Ya kalli tafin hannunsa. Sannan ya faɗa mata abin da ko ni ban sani ba, wai ya sha gwada bari. Ya gwada goro har haƙoransa suka rine. Ya gwada tauna asuwaki da kanumfari. Ya sha rubutu. Kowane azumi yana wuni lafiya, amma da an kira sallah hannunsa kan riga bakinsa yanke shawara, dabino a hagu, ashana a dama. Ya ce shi dai ya sallama, mutum ne marar zuciya.

Dakta Zuhura ta ce ba maganar zuciya ba ce kawai. Ta ce akwai wani wuri a ƙwaƙwalwa da sinadarin taba ke zama, kuma wanda ya shekara da shekaru yana sha, wurin nan kan saba, in babu sai ya yi ta kuka. Akwai ƙwayar magani da ke zuwa ta zauna a wurin. Tana ɗan lallashinsa ya rage kuka, sannan in taba ta zo sai ta tarar an riga ta, kamar ka je majalisa ka iske wani a kan tabarmarka, ka tsaya tsaye ka gaji ka tafi.

Ni da Baba hali ɗaya gare mu, abin da ba mu gane ba ba ma barinsa ya wuce. Ya matso da kujera ya ce, “To ita ƙwayar ga, wa yag gaya mata inda taba ka zama cikin kai?” Ta yi dariya ta ce kama suka yi, kamar makulli biyu masu shiga kwaɗo ɗaya. Ya tambaya ko ƙwayar za ta zauna har abada. Ta ce a’a, wata uku ne, kafin nan wurin ya koyi zama shi kaɗai. Ita ma ta yi masa nata tambayoyin, na ƙoda, na barci, na ko yana shan wani magani, na ko ya taɓa shiga baƙin ciki mai tsanani. Ta sa aka ɗebi jininsa. Sai da sakamako ya fito ta rubuta maganin.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne da ta ce a makon farko zai riƙa shan maganin yana kuma shan tabarsa, sannan ya zaɓi ranar da zai ajiye gaba ɗaya. Ya juyo ya kalle ni da murmushin wanda ya ci shari’a.

“Kin jiya ko, Malama? Likita da kanta tac ce in sha.”

Ya zaɓi Juma’a. Ta ja masa kunne ya riƙa sha bayan ya ci abinci, da ruwa cike da kofi, don yakan tayar da zuciya. Ta ce yana iya kawo mafarkai, kuma in ya ji ransa yana ɓaci ba dalili ko wani tunani marar kyau, ya tsaya ya dawo wurinta. Ta ƙara da cewa kada ya ba kowa ko ƙwaya ɗaya, don jininsa ta gwada, ba na unguwa ba. Nan na san ta san mutanenmu, domin a gidanmu magani ta kan katanga yake tsallakawa kamar gishiri. Ba a samu maganin a ƙananan kemis ba, sai wani babban kantin magani ne ya sa aka kawo daga Sakkwato. Da ya iso na mayar wa Baba takalmansa.

Daga nan labari ya koma ta waya, Inna Kulsumi ce ’yar rahotona. Kowace safiya kafin in tafi makaranta sai na kira, kuma gaskiya ba damuwa kaɗai ke sa ni ba, so nake in ji yadda ’yar ƙwayar da ba ta kai ƙwayar wake ba za ta yi da abin da ya gagari goro da rubutu da azumi. Kwanakin farko Inna ta ce ba abin da ya canja, sai dai yana yawan kallon karan sigarin kamar wanda aka yi wa musaya a kasuwa. Daga baya ya fara barin rabi a gwangwanin toka. Ya ce mata ɗanɗanon ya koma na ƙaiƙayin shinkafa in ana ƙonawa. Har wurin Tamba mai tireda ya je ya tuhume shi da sayar da jabu.

Juma’ar ta zo, ya dawo daga masallaci ya ɗauki gwangwanin tokar da kansa ya kai juji. Makon da ya biyo baya Inna ta sha fama. Ya yi faɗa da akuya, ya yi faɗa da rediyo. Ya yi mafarkin giwan ruwa sanye da hula ta zo yi masa gaisuwar sallah, ya tashi yana ba kowa labari. Sannan hancinsa ya buɗe. Ya tsaya tsakar gida yana shaƙar iska, ya tambayi Inna tun yaushe gidan nan ke warin banda haka ba wanda ya gaya masa. Ta ce tun ranar da aka kawo ta. Tuwon da yake ragewa ya fara cinyewa yana neman ƙari. Na yi murna har na gaya wa malaman makarantarmu, waɗanda ba su tambaye ni ba.

Sai wata safiya muryar Inna ta canja.

“Babanku dai gida ba shi sha, wanga na shaida. Amma in yad dawo daga ruwa, rigatai warin taba takai. Kuma matar Tamba ta ce kullum da sahe sai ya saye.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ji kamar ni aka yi wa ƙarya a gaban aji. Amma ƙarƙashin haushin akwai wata tambaya da ta ƙi kwanciya. Mutumin da ke wuni a gida daga azahar har safiya bai nema ba, bayan cin abinci ma bai nema ba, me ruwa ke yi masa? Ko maganin ba ya aiki a kan kogi ne? Na san wannan tunanin wauta ne, amma sai da na yi shi.

Ranar komawa asibiti ta zo, ya iso da kansa. Na ƙudurta zan tona masa asiri, sai ya riga ni. Da Dakta Zuhura ta tambaye shi ko ya taɓa sigari tun ranar Juma’ar nan, ya dube ta ido cikin ido.

“Ina kunnawa, ba ni yi miki ƙarya. Amma bisa ruwa kaɗai.”

“Sha’awarta ke taso maka a can?”

“Ko kaɗan. Warinta ma ba ni so.”

“To don me, Baba?”

“Aiki na,” ya ce, ya ja bakinsa ya tsuke.

Ta yi juyin duniya, bai ƙara ko kalma ba. Da ya fita ɗaukar takalmi ta riƙe ni. Ta ce maganin yana kashe ƙishirwar taba ne, amma akwai sigarin da ba ƙishirwa ke riƙe da shi ba, wuri ne ko sabo ko mutane, kuma wannan ba ƙwayar da ke ganinsa. Ta ce hatsarin shi ne mai kunnawa yau da gobe, ranar da maganin ya ƙare yana iya samun kansa ya koma, duk wahalar ta tashi a banza. Ta ce da za ta iya barin asibiti da ta bi shi ta gani da idonta, don abin ya tsaya mata a rai. Na ce ta bar mini wannan, ai Asabar ba makaranta.

Na shiga motar Argungu ranar Juma’a da yamma, da safe na bi shi bakin ruwa ba tare da neman izini ba. Ruwa ya ja baya a lokacin, fadama ta yi kore da shinkafar rani, mata na wanki a gefe. Baba ya ce jirgi ba wurin matar aure ba ne. Kawu Dankure ya ce ya bar ni, ai a cikin jirgin nan na yi rarrafe. Kawu dogo ne siriri, ba ya shan taba, bai taɓa sha ba, kuma na san shi da ba’a, in ya fara tsokanar Baba sai masunta sun ajiye aiki. Ranar kuwa na ga ya yi sanyi. Ya rame, idanunsa sun faɗa, gaisuwar ma a taƙaice ya amsa.

Suka tuƙa zuwa wani gurbi mai zurfi inda tsohuwar bishiya ta faɗa ruwa. A cikin saiwoyinta manyan kifaye ke ɓuya, raga ba ta shiga, sai dai mutum ya nutsa ya lalubo da hannu. Kawu ya tuɓe riga, ya yi bisimilla, ya ja numfashi ya sulale. Kafin ruwan ya rufe kansa Baba ya riga ya zaro kara ɗaya. Ya sa farce ya yi masa ’yar tsaga a gefe, ya ƙyasta ashana, ya ja sau ɗaya don ta kama, ya tofar da yawu yana yamutsa fuska. Daga nan ya riƙe ta nesa da hancinsa, ya zuba wa wutar ido. Bai sake kai ta baki ba.

Na tambaye shi mene ne wannan. Ya yi kamar bai ji ba. Na sake tambaya. Ya san ni, ya san zan iya yi har la’asar, sai ya yi mini bayani a hankali, idonsa na kan wutar. Kawu Dankure, in ji shi, gwani ne amma yana da aibi ɗaya. In hannunsa ya taɓa kifi a ƙasa mantawa yake shi ɗan Adam ne, ba ya sanin lokacin fitowa. Shi ya sa tun da Baba ya daina nutso suka yi wannan tsari tsakaninsu su biyu. Da Kawu ya shiga, Baba zai kunna. In wuta ta ci ta kai tsagar farce, sai ya buga cikin jirgi da filafili. Ƙarar tana zuwa har ƙasan ruwa, kuma Kawu ya yi rantsuwa duk abin da ke hannunsa zai saki ya taso. Shekara da shekaru ba su taɓa saɓawa ba.

“In na bar kunnawa, da mi za ni tsaron shi?” ya ce. “Likita ta ce kar in sha, ban sha ba. Riƙewa kawai nikai.”

Haushin da na taho da shi daga Birnin Kebbi ya narke, tausayi ya maye wurinsa. Ashe tsohon nan so yake ya cika alkawari biyu da hannu ɗaya. Wuta ta kai tsaga, ya buga jirgi, Kawu ya taso. Ba kifi a hannunsa. Ya rungume gefen jirgi yana haki, ya daɗe a haka kansa a sunkuye. Baba ya murje wutar da yatsa, ya ce masa ya huta. Kawu ya ce lafiya lau yake, bai kalli kowa ba.

Da ya sake shiga, Baba ya yi sabuwar tsaga ya sake kunnawa. Ni kuma yanzu wutar nake kallo, don abin ya burge ni. Tana tafiya a hankali, toka na taruwa a kanta, wani lokaci ma kamar ta yi barci. Sai na tuna yadda nake ganinta ina yarinya, in Baba ya zuƙa sai ta yi ja ta zabura gaba. Duk macen da ta taɓa hura gawayi ta san wutar da ake hurawa da wadda aka bari ba tafiyarsu ɗaya ba. Ba wani tunanin hatsari na yi ba, tambaya ce kawai ta zo bakina kamar yadda ta saba.

“Baba, da can da kake zuƙa, ba ta fi wannan saurin kai wa tsagar ba?”

Ya kalle ni. Ya kalli sigarin. Na ga fuskarsa ta canja, irin canjin da ban taɓa gani ba. Ya yar da ita ya rarumi filafili ya buga jirgi da ƙarfi har na ji a haƙorana. Ruwa bai motsa ba. Ya sake bugawa, ya sake. Sai ya miƙe ya fizge rigarsa, ya ɗora ƙafa a bakin jirgi, ya buɗe baki zai ja dogon numfashi irin na da. Tari ya sarƙe shi. Ya durƙushe yana tari, hannunsa ɗaya miƙe a kan ruwa. Gwanin nutson Argungu, abokinsa na ƙasa, ya kasa shiga. Ban taɓa jin tausayin mutum kamar na wannan lokacin ba, kuma ban taɓa jin tsoro irinsa ba.

Ta ɗaya gefen Kawu ya ɓullo. Muka kama shi, ni hannu, Baba ƙugu, muka jawo shi ciki. Jini na zuba ta hancinsa, ya kwanta a cikin jirgi yana jan iska da ƙara. Baba na ta kiran sunansa. Da ya samu kansa ya tashi zaune, ya share hanci da bayan hannu, ya yi magana yana kallon ƙafafunsa.

“Labbo, ni kam na gama. Lumhwashina ya ƙare. Kwanakin ga dut, kahin ka buga ji nikai ƙirjina za ya hwashe. Kunya ta hana ni hitowa, ta hana ni hwaɗa maka.”

Ya ce ya riga ya aika wa ƙanensa a Zauro ya nema masa ’yar gonar shinkafa. Ya ce ya yi ta jinkirta maganar ne don bai san wa zai bar wa Baba ba, tunda Baba ba ya iya nutso, in shi ya tafi jirgin ya mutu ke nan. Shi ya sa kullum yake dannewa a ƙasa yana jiran bugu, yana cewa gobe zai faɗa.

Baba ya zauna a kan katakon jirgi kamar an zare masa laka. Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da kwalin maganin ya nuna masa. Ya gaya masa komai, asibiti, likita, ranar Juma’a. Ya ce ya ɓoye ne don kada Kawu ya ji tsoron shiga ruwa a jirgin da ba wuta, kuma, ya faɗa da ƙyar, don kada a ce ’yar yarinya ce ta raba shi da taba da ƙwaya.

“Lumhwashinka na nan, Dankure,” ya ce. “Wutata ta ka latti. Ni na bar zuƙa.”

Kawu ya daɗe yana kallonsa. Na ɗauka zai yi faɗa, kuma da ya yi da na taya shi. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Dariya yake, jini da ruwa na bin gemunsa, hawaye ma na ciki.

“Kai ka bar taba, ni ina can ƙasa ina bankwana da ruwa. Amma Labbo ba ka da kirki.”

Baba ya ɗauko kwalin sigarin ya ajiye a ƙasan jirgi inda ruwa ke taruwa, ya ɗora ƙafa a kai.

Saura maganar abin da zai maye gurbinta. Ni da iyayin ’yan birni na zaro waya na nuna musu agogon da ke ciki, na ce a saita shi ya yi ƙara. Su biyun suka kalle ni da ido ɗaya. Kawu ya ce ba zai damƙa ransa ga abin da ke mutuwa in an ɗauke wuta ba, wanda kuma ɗigon ruwa ke sa shi suma. Na mayar da wayata jaka. Baba ya yi ta shafa gemu, can ya ce da can da suke nutso tare numfashinsu ɗaya ne, tare suke shiga tare suke fita. Don haka in Kawu ya ja numfashi ya shiga, shi ma zai ja nasa ya riƙe a sama. In ya gaza, sai ya buga.

Kawu ya ce da wannan ƙirjin? Ai ko kansa ba zai gama jiƙewa ba. Ranar dai ba a sake shiga ba, na hana. Amma Inna ta ba ni labarin kwanakin da suka biyo. Kawu zai nutsa, kafin ya kai saiwar farko ya ji bugu, ya taso hannu wofi yana masifa. Suna dawowa da ’yan ƙananan kifayen da raga ta kama, masunta na yi musu dariya, ana ce da su masu wankan safe. Baba bai fasa ba, Kawu kuma bai taɓa ƙin tasowa ba.

Na kai wa Dakta Zuhura labari kamar yadda na yi alkawari. Ta ajiye biro ta saurara har ƙarshe, ta yi ta tambaya, zurfin gurbin, yadda ƙara ke tafiya a ruwa, ko Kawu ya zo a duba shi. Ta ce a kawo shi, aka kawo shi, ba a samu komai ba sai taurin kai. Baba kuma ta ce masa kada ya riƙe numfashi har jiri ya ɗebe shi, da ya ji ya matsu ya saki. Ta ce ya shanye maganin har ƙarshen wata ukun ko da ya ji ya warke, don masu ajiyewa a tsakiya su ne suka fi komawa. Ya shanye. Tarin bai tafi duka ba, da safe yana nan, ita ma ba ta ce zai tafi ba.

Bayan maganin ya ƙare da ’yan makonni, wata Asabar da hantsi ina tsakar gida ina wanki na ji sallama. Na leƙa, sai ga su su biyu a ƙofa, Baba da Kawu Dankure, Baba ne ke ɗauke da kwando. Na shimfiɗa musu tabarma na kawo ruwa. Kawu ya buɗe kwandon ya fito da bandar ragon ruwa guda, ƙato, ya ajiye a gabana.

“Wanga naki na, Malama. Cikin saiwar ga ta ƙasa yake. Sai da na lalubo shi, na kama, na juyo, sannan babanki yab buga.”

Baba ya kawar da kai yana duban katangata, wai yana mamakin yadda aka yi mata fenti. Na ɗauki kifin na shiga kicin don kada su ga idona. Ina tsaye a can na tuna daga titi suka tako da kwandon nan, ta layinmu mai taɓo, kuma ban ji zuwansu ba. Sallama kawai na ji.